Darjilin: ƙasar duwatsu mai noman shayi

Shayi ya zama abokin hira a garuruwanmu, amma ba mu noma shi. Galibin wanda muke dafawa daga ƙasar Sin yake zuwa. A wannan karo za mu kai ku wani yanki da ya yi suna a duniya kan noman shayi, wato Darjilin ta ƙasar Indiya.

Yadda ƙasar take

Darjilin tana arewa maso gabashin Indiya, cikin jihar Bengal ta Yamma. Ƙasar Nefal tana yamma da ita. Tana jingine da duwatsun Himalaya, kuma garin kansa ya ɗara gaɓar teku da kimanin mita 2,000. In gari ya waye sarai, ana hango dutsen Kancanjanga mai tsawon mita 8,586, na uku a tsawo a duniya. Akwai sanyi da hazo. Ruwan sama yakan kai milimita 3,000 a shekara, mafi yawansa daga Yuni zuwa Satumba. Mu tuna Maraɗi ba ta cika wuce milimita 500 ba. Itacen shayi yana son ruwa da yawa, amma ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. Shi ya sa gangaren dutse ya karɓe shi.

Mutanenta

Ƙabilar Lefca su ne mazaunan farko. A 1835 Turawan Ingila suka karɓi wurin daga hannun sarkin Sikkim. A 1841 wani likitansu mai suna Campbell ya gwada shuka irin shayi na ƙasar Sin, ya kama. Da gonaki suka yawaita, sai aka ɗebo ma'aikata daga Nefal. Jikokinsu, waɗanda ake kira Gorka, su ne mafi yawa a duwatsun yanzu, kuma harshen Nefal ake yi a kasuwa.

Aikin shayi

Manyan gonaki 87 ne ke da izinin sayar da shayinsu da sunan Darjilin, kuma doka ta kare wannan suna tun 2004. Da hannu ake tsinka, toho ɗaya da ganye biyu na sama. Mata ne suka fi yawa a aikin, kowacce da kwando a baya. Tsinkar fari, ta Maris da Afrilu, ita ta fi tsada. Sai an tara kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen ganye kafin a samu kilo 1 na busasshe. Ma'aikata ba su da gonakin, na kamfanoni ne, ladan yini ake biyansu. Sun daɗe suna kukan ladan bai isa cefane ba. Ƙananan manoma kuwa suna shuka masara da dankalin turawa da citta da lemu. Baƙi masu yawon buɗe ido su ma suna kawo kuɗi. Da yawansu ɗan jirgin ƙasa ke jawo su, wanda ya fara hawa dutsen tun 1881.

Matsaloli biyu

Ta farko ita ce dogaro da abu ɗaya. A 2017 Gorka suka yi yajin aiki na kwana 104, suna neman a ba su jihar kansu. Aiki ya tsaya cikin damina, ganye ya tsufa a kan itace, shayin shekarar ya ragu da fiye da rabi. Iyalin da ba su da komai sai ladan yini sun sha wuya ƙwarai. Ga shi kuma itatuwa da yawa sun haura shekara 100, amfaninsu na raguwa.

Ta biyu ita ce zaizayar ƙasa. Inda aka sare daji a kan gangare, babu saiwar da za ta riƙe ƙasa. In ruwa ya yi yawa, sai gefen dutse ya zabtaro kan gidaje da hanyoyi. A watan Oktoba na 1968 irin wannan masifa ta kashe ɗaruruwan mutane. Don haka manoman wurin suke yanka gangare hawa-hawa kamar matakala, suna gina katangar duwatsu, suna dasa itatuwa.

Abin da ya shafe mu

Ruwanmu kaɗan ne, amma shi ma yana kwashe ƙasar gona in ya sauko da ƙarfi. Mutanen Adar sun san haka. Tun kaka da kakanni suke jera duwatsu a gona, abin da suke kira gandari. Aikin gyaran ƙasa na Keita da aka soma a 1984, inda mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka, ya mayar da faƙo gona. Muna kira ga kowane manomi mai gona a gangare ya jera duwatsu tun da rani, ya bar gawo da sauran ƙananan itatuwa su girma a gonarsa. Kada kuma ya zuba ƙarfinsa duka a kan gyaɗa ko albasa kaɗai, ya haɗa da hatsi da wake da ɗan kiwo. Mu tattauna wannan magana a azuzuwanmu na yaƙi da jahilci kafin ruwa ya sauka.