Rim Ɗin Alminiyam a Hannun Mai Faci: Wa Zai Biya Idan Ya Lalace?

Duk wanda ke tuƙi a Kaduna ya san cewa mai faci ba ya wuyar samu. Ka taso daga Kawo ka biyo titin Ali Akilu, ko ka kutsa Unguwar Rimi, Malali da Unguwar Dosa, ba za ka yi nisa ba sai ka hangi tsohuwar taya a jingine bakin hanya, ga injin iska, ga bahon ruwa da ya yi baƙi, ga yaro riƙe da liba. Mutanen nan suna rufa wa direbobi asiri dare da rana, kuma kuɗin da suke karɓa bai taka kara ya karya ba. Sai dai akwai rigimar da ke yawan tashi a gabansu: mai mota ya kawo taya a yi masa faci, a mayar masa da rim a kankare, ko leɓensa a lotse, wani lokaci ma da tsaga. Mai mota ya ce "ba haka na kawo ba", mai faci ya ce "Alhaji, dama haka yake, rami ka faɗa". Daga nan sai hayaniya, jama'a su taru, a ƙare da "a yi haƙuri, tsautsayi ne".

Ni ban yarda tsautsayi ba ne. Abu ne mai dalili, kuma dalilin a fili yake: mota ta canja, kayan aikin mai faci ba su canja ba.

Lokacin da kamfanin Peugeot da ke Kakuri ya fara haɗa motoci a 1975, 504 ta cika titunan garin nan da rim na baƙin ƙarfe da taya mai tiyub. A kan irin wannan rim iyayen gidan masu facin yau suka koyi sana'a. Baƙin ƙarfe yana da haƙuri. Ka doke shi ya lanƙwashe, ka sa guduma ka miƙar da shi ya koma aiki, kuma iskar tana cikin tiyub, don haka ko bakin rim ya ɗan ji rauni ba ta fita. Motocin Beljiyam da na Amurka da suka mamaye gari yanzu, su Corolla da Camry da Accord, da yawansu da rim na alminiyam suke zuwa, tayarsu kuma ba ta da tiyub.

Wannan rim zubi ne. Ana narka alminiyam a gauraya shi da sinadarin silikon, kusan kashi 7 cikin 100, da ɗan magniziyam, a zuba a mazubi, sannan a gasa shi da zafin da aka auna don ya yi ƙarfi. Ya fi baƙin ƙarfe rashin nauyi, ya fi saurin fitar da zafin birki, ga kyan gani. Amma fatarsa tana da taushi, liba na cin ta nan take, kuma ba ya jure lanƙwasa. Inda baƙin ƙarfe zai lotsa, shi sai ya tsage.

Tsaya kusa da mai faci ka kalli yadda ake raba taya da rim, za ka ga inda ɓarnar ke shiga. A kife rim a ƙasa, fuskarsa mai sheƙi a kan tsakuwa. A ɗauko ƙaton ƙarfe a riƙa dukan gefen tayar har bakinta ya saki. Duka ɗaya ya kauce, ya sauka a leɓen rim. Sai a cusa liba biyu, a dogara su da wannan leɓe a danna da ƙarfin ƙato, ana zagayawa, kowane wuri libar na barin sawunta. Abin da ido ke gani a waje shi ne ƙaramin lahani. Babban yana ciki, a daidai inda bakin taya ke zama ya manne da rim, domin a taya marar tiyub wannan mannewar ita kaɗai ke riƙe iska. Idan wurin ya karce, taya za ta riƙa sacewa a hankali. Mai mota ya yi ta ƙara iska duk bayan kwana biyu, a tsoma tayar a ruwa a rasa ƙusa, har ya ɗora wa tayar laifi ya sayi wata.

Akwai kuma 'yar na'urar da ke maƙale a gindin bawul, mai sanar da direba idan iska ta ragu. Tun 2007 doka ta wajabta tsarin gargaɗin iska a sababbin ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka, shi ya sa yawancin motocin da ke shigo mana daga can suke da ita. Wanda bai san da zamanta ba zai danna ƙarfe a kanta ya fasa. Wasu daga fitilun taya da ke kunne a dashbod ɗin motocin Kaduna, daga nan suka samo asali.

Ɗaurin noti ma wani babi ne. Corolla da Camry na buƙatar kusan 103 a ma'aunin Nm, Accord kuma 108, ɗaurin da hannun mutum zai iya da sifana mai geji, ana tsallaka noti ɗaya zuwa na gabansa ba a jere ba. A bakin titi kuwa, yaro ne zai zura bututu a wil-sifana ya hau da ƙafa yana tsalle. Ramin notin ya cinye, ƙusar ta miƙe, ranar da taya ta fashe maka a hanyar Zariya ka kasa kwancewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gyaran da ake yi bayan ɓarna. Rim ya lotse, sai a ce a kai wa mai walda ya hura masa wuta a buga. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, amma zafin da bai kai rabin haka ba ya isa ya warware ƙarfin da gashin masana'anta ya ba shi. Kuma ba ya yin ja kamar baƙin ƙarfe, balle mai wutar ya gane ya wuce gona da iri. Rim zai fito a miƙe, a fesa masa fenti, ya yi kyau, alhali wurin ya mutu. Karce a fuska ana iya gogewa a yi fenti. Ƙaramar lotsawa a leɓen ciki, masu injin miƙe rim suna iya gyarawa. Amma tsagar da ta shiga ƙafafun rim ko ta kusanci ramin noti ba ta da magani. Gara a sayar wa masu zubin tukwane a Panteka a nemi wani a Oriakpata, da a ɗauki iyali a kansa a hau hanyar Abuja.

To wa zai biya? Malamanmu sun riga mu yin wannan magana. A mazhabar Malikiyya akwai babin lamunin masu sana'a, kuma littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan Tudun Wada da Unguwar Sarki, ya kawo shi: wanda ya kafa kansa yana yi wa jama'a aiki, shi ke da alhakin kayan da aka bar masa a bayan idon mai shi. Idan kuma a gaban mai kaya aka yi aikin, sakaci ko wuce iyaka ne ke jawo biya. Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da haka ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin a mayar masa da kayansa ba tare da sun fi yadda ya kawo su lalacewa ba. Babban shago mai inji da rasit ba shi da hujjar cewa "ba ruwanmu".

Wahalar ita ce shaida. Da zarar ka tayar da mota ka bar wurin, magana ta zama taka da tasa. Saboda haka kafin a sa jak, ku zagaya rim ɗin tare, ka nuna masa tsohon tabo da bakinka, ka ɗauki hoto da waya yana kallo. Ka faɗa masa akwai na'ura a bawul. Ka tsaya a wurin, kada ka tafi sallah ko shan shayi ka bar aikin a hannun yaron da ya fara koyo jiya. In ɓarna ta faru, ka nemi maigidan wurin cikin mutunci tun ba a ɗaura tayar ba. Idan ya ƙi, masu faci suna da ƙungiya da shugabanni a unguwanni, kuma sau da yawa maganarsu ta fi saurin aiki a kan ɗan sana'a fiye da kiran ɗan sanda. Kotu tana nan ga wanda asararsa ta kai.

Amma a yi adalci. Mutumin da ya karɓi ladan faci ɗaya ba zai iya biyan rim ɗin babbar jif ba ko da ya sayar da injin iskarsa, kuma ramukan damina suna lotsa rim fiye da yadda liba ke yi. Sulhun da na ga ya fi dacewa shi ne mai faci ya ɗauki nauyin gyara idan abin mai gyaruwa ne, in kuwa sai an sauya, a raba gwargwadon ƙarfinsa da girman sakacinsa. Mai mota da ya san tayarsa siririya ce, rim ɗinsa inci 18, ya wuce shagon da ke da injin cire taya don neman araha, shi ma da nasa kason.

Kariyar kanta ba ta da tsada. Kwali ko tsohuwar tabarma a shimfiɗa kafin a kife rim, guntun tsohon tiyub a naɗe bakin liba, ruwan sabulu a shafa wa bakin taya ta zame da kanta, a fara saki daga nesa da bawul, a ɗaure noti da hannu. Duk mai facin da ke yin waɗannan yana ɓata minti biyar ko goma fiye da maƙwabcinsa, kuma ya cancanci a ƙara masa kuɗi a kan abin da aka saba ba shi.