Tela Da Mai Kaya: A Yi Ciniki Kafin A Sa Almakashi

Hausawa sun kasa watan azumi gida uku: goma na marmari, goma na wuya, goma na ɗokin Sallah. Amma duk wanda ya taɓa leƙa shagon tela a goman ƙarshe ya san cewa a can babu ɗoki, sai cacar baki. Mai kaya yana kumfar baki an saɓa masa alƙawari, tela yana rantsuwa an hana shi haƙƙinsa, wani lokaci ma maganar ba ta mutuwa sai a gaban mai unguwa ko ofishin 'yan sanda. Mun saba ɗora laifin kacokan a kan teloli, har "goben tela" ta zama abin barkwanci. Ni kuwa, a matsayina na mai nazarin harshe, ina ganin rigimar takan soma ne tun ranar da aka kawo yadi, a cikin kalmomin da aka furta da waɗanda kunya ta hana a furta.

Mai karatu ya dubi yadda Bahaushe yake ciniki a Kantin Kwari ta Kano. A nan harshenmu ba ya da ƙarancin kalmomi. Mai saye ya taya, mai sayarwa ya ce albarka, a nemi ragi, a ƙara, har a kai ga sallamawa, sannan a ce ciniki ya faɗa. Kowace kalma tana da gurbinta, kuma babu mai barin wurin cikin duhu. To amma mutumin nan da ya gama wannan ja-in-ja a kan shadda, da ya isa wurin tela sai bakinsa ya mutu. Ya ce, "Nawa zan kawo?" Tela ya ce, "Haba Alhaji, ai ba komai, sai dai an gama." A rabu ana dariya, kowa da adadin da ya ƙudura a zuciyarsa, alhali adadin nan biyu ba su ko kusanci juna ba.

Asalin matsalar yana cikin sunan da muke ba kuɗin. Haja tana da farashi, kalmar da muka aro daga Ingilishi, shi kuwa aikin hannu lada muke cewa yana da shi. Kalmar lada, kamar takwararta ajru a Larabci, tana ɗauke da ma'ana biyu: sakayyar aiki a duniya da kuma sakamakon Ubangiji. Saboda haka a kunnen Bahaushe lada abu ne da mai bayarwa yake yankewa gwargwadon karamcinsa, kuma ma'aikacin da ya tsaya yana ƙididdige shi sai a ga kamar ya cika son abin duniya. Wannan tunani ya dace da zamanin da maɗinki yake zaune a zaure da allura da zare, yana yi wa maƙwabcinsa aska takwas cikin makonni. Bai dace da telan yau ba, wanda yake biyan hayar shago, da kuɗin wuta, da na yaran da ke taya shi aiki.

Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Kafin a janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Cikin 'yan kwanaki ta haura naira 500 a Arewa, kuma zuwa Oktoban 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. A watan Yunin 2023 aka saki darajar naira ga kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a 2024. Telan da ke tayar da janareta domin keken surfani da dutsen guga ya ji wannan a jikinsa, haka ma wajen sayen zare da zif da maɓalli da kayan gyaran keke, waɗanda akasarinsu daga waje ake shigo da su. Abin mamaki, mun yarda shaddar Getzner ta ƙasar Ostiriya ta yi tsada domin dala ta tashi, amma muna so ladan ɗinkinta ya tsaya inda muka san shi shekarun baya.

A nan ya wajaba mu 'yan boko da ma'aikata mu dubi kanmu, domin masu wuyar sha'ani da yawa daga cikinmu suke. Akwai mai kawo yadi saura kwana uku Sallah, ya nemi a ture na wasu a sa nasa gaba, ba tare da ƙarin ko sisi ba. Akwai mai zuwa da hoto a waya, na ɗinkin da aka yi da wani irin yadi ga mai wani irin jiki, idan bai fito daidai ba ta ce an ɓata mata atamfa. Akwai mai sauya salo bayan an riga an yanka. Akwai ɗan'uwa ko abokin da ya mayar da zumunci takardar yafe bashi. Sai kuma babban mutum, mai aiko direba ya karɓi kaya da saƙon "za a ji daga gare ni", wanda tela ba ya iya bin sa bashi don kada a ce ya yi rashin ɗa'a.

Su ma teloli ba su fita ba. Kwaɗayi kan sa wani ya karɓi aikin da ya fi ƙarfin kekensa, ya ci kuɗin mutane, ya koma ɓuya da kashe waya. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kuma fikihun da akasarinmu muke bi bai bar wannan babi a buɗe ba. Sharaɗin ijara shi ne a san aikin, a kuma san ladansa tun farko. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya keɓe da su shi ke da lamuninsu idan suka salwanta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ashe ke nan faɗin farashi ƙarara da rubuta shi tarbiyyarmu ce da muka yi wa riƙon sakainar kashi.

Shawarata ga tela ita ce ya san abin da aikinsa ke ci kafin ya buɗe baki. A ɗauka hayar shagonsa naira 240,000 ce a shekara, watau 20,000 a wata. Idan yana fitar da kaya 40 a wata, kowanne yana ɗauke da naira 500 ta haya tun ba a zo kan zare da fetur da ladan yara da guminsa ba. Wanda bai yi wannan lissafi ba yana iya kwana bisa keke shekara guda ya tashi da bashi. Ya liƙa farashinsa a bango, ya ware kuɗin aikin ujila dabam. Ya riƙe littafi mai ɗauke da awo da salo da kuɗi da ranar karɓa, ya karanta wa mai kaya a gabansa. Ya karɓi kafin alƙalami. Idan littafi ya cika, ya koyi cewa "ba zan iya ba", domin wannan kalma ta fi "in sha Allahu gobe" da ba a yi niyyar cikawa ba daraja. Wanda kuma ya saba cin haƙƙinsa, ya sallame shi da girma da arziki, domin kunyar mara kunya asara ce.

Mu kuwa masu kai ɗinki, mu kai tun watan Sha'aban, mu tambayi kuɗi, mu ƙi amsar "ba komai" har sai mun ji adadi, mu kuma biya a ranar da muka karɓa. Araha ba ta ado. Kalmomin ciniki da muke amfani da su a kasuwa suna nan, sai mu shigo da su shagon tela. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna.