3.4 Kuskuren Awo a Injin Sassaƙa Mai Kwamfuta: Dalilai da Hanyoyin Gyara

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bayyana dalilan da ke sa injin sassaƙa na CNC ƙirar gida ya kauce wa awon da aka ba shi, da kuma hanyar da kafinta a Zuru zai bi ya gano inda matsalar take. Muhimmancin wannan a fili yake, domin kuskuren milimita biyu ya isa ya lalata ƙyauren maɗaci, katakon da kuɗinsa kan fi ladan aikin.

Tun a shekarar 1952 aka nuna injin farko mai aiki da umarnin lambobi a cibiyar MIT ta Amurka, amma ya ƙara yaɗuwa a hannun ƙananan masu sana'a bayan fitowar allon Arduino a Italiya a 2005 da manhajar GRBL a 2009. Abin lura shi ne, irin wannan injin ba ya ganin inda bakin yankansa yake, ƙirga taku kawai yake yi. Injin juyin da ke tura kowace kusurwa yakan yi taku 200 kafin ya kammala zagaye ɗaya. Idan aka raba kowane taku gida 16, sandar zaren kuma tana tafiyar milimita 8 a zagaye, to taku 400 ne ke ba da milimita ɗaya. Duk takun da ya ɓace, kwamfutar ba ta da labari.

3.4.1 Gwajin Farko

Kafin a kwance komai, sai a umarci injin ya yi tafiyar milimita 100 ba tare da yanka ba, a auna da rula ta ƙarfe, a komar da shi, a maimaita sau da yawa. Sakamakon kan kasu gida uku:

(a) Kuskuren da ke ƙaruwa daidai da nisan tafiya. Wannan na nuna adadin takun da aka rubuta a $100, $101 ko $102 ba daidai ba ne. Misali, idan injin ya yi 98 maimakon 100, sai a ninka 400 sau 100, a raba da 98, a rubuta 408.

(b) Kuskuren da ba ya bayyana sai an juya baya. Wannan sako-sako ne tsakanin noti da sandar zare, ko a boris. Alamarsa ita ce da'irar da aka yanka ba ta haɗuwa sumul. Maganinsa noti biyu masu matse juna.

(c) Kuskuren da ba shi da tsari. Wannan ɓatan taku ne, kuma yakan faru saboda gudu fiye da kima, ko nutsa baki da zurfi a katako mai tauri irin ƙirya, ko zafi.

3.4.2 Tasirin Yanayin Zuru

A watannin Maris da Afrilu ƙaramin allon A4988 da ke ba injin juyi wuta yakan ɗauki zafi har ya kashe kansa na ɗan lokaci, saboda haka wajibi ne a sa masa fanka. Da hunturu kuwa, ƙura da garin katako kan cakuɗe da man shafawa su riƙe sandar zare. Da damina katako kan kumbura, shi ya sa gangar jiki ta ƙarfe ta fi. Sai dai zafin walda na karkata ƙarfe, don haka a yanka murabba'i a auna tsakanin kusurwoyinsa masu kallon juna. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, gangar jikin ce ta karkace.

Haka nan idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ƙirgen ya ɓace gaba ɗaya. Makunnan iyaka a ƙarshen kowace kusurwa su ne ke ba injin damar komawa mafarinsa da umarnin $H, a ci gaba da aiki a kan katakon.

A taƙaice, sanin nau'in kuskure shi ne matakin farko na gyara, kuma yana hana a sayi kayan da ba su ne suka lalace ba. Sashe na gaba zai duba zaɓen bakin yanka.