Tsohuwar Fijo da Zafin Gombe: Laifin Rana Ne Ko Na Lagireto?

Fijo 504 ta yi ƙaranci a titunan Gombe, amma har yanzu akan ci karo da ɗaya-ɗaya a Jekadafari. A watan Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, sau da yawa a gefen titi za ka gan ta, an ɗaga bonet, tururi na tashi, direba na cewa rana ce ta yi yawa. Motar nan fa ba baƙuwar rana ba ce. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, kamfanin PAN na Kaduna da ya soma aiki a 1975 ya yi shekaru kusan talatin yana harhaɗa ta, kuma ta sha jigila tsakanin Gombe da Bauci da Yola tun kafin a ƙirƙiri jihar Gombe a 1996. In yau tana tafasa, wani abu ne ya lalace a cikinta.

Ƙwararren bakanike ba ya fara ɗaukar sifana. Tambaya yake yi: "Alhaji, a ina take yin zafin?" Idan a cunkoso ne cikin gari, amma ta huce da an hau babban titi, iska ce ba ta ratsa lagireto, sai a duba fanka da fanbel da ƙurar hunturu da ta liƙe a gabansa. Idan kuwa a gudu ne ko a hawa, ruwan ne ba ya zagayawa: ko famfon ruwa ya gaji, ko lagireto ya toshe daga ciki.

Toshewar nan ita ce babbar cutar, kuma da hannunmu muke kawo ta. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da ma'adinai da ke daskarewa idan an dafa su, kamar farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar shayi. Bututun lagireto sirara ne ƙwarai; shekara da shekaru ana ɗura irin wannan ruwa, ga tsatsa daga jikin inji, sai su cushe ɗaya bayan ɗaya. Ruwan sanyaya inji na kanti ba don ƙasashen ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, akwai maganin tsatsa a cikinsa.

Maimakon a wanke lagireto, sai wasu su cire tamostat su yar, wai na ƙasar Turawa ne. Wannan ɓoye ciwo ne kawai. Toshewar tana nan, ga inji ya daɗe bai ɗumama ba da safiyar hunturu, yana shan mai yana cin kansa. Murfin lagireto ma, da ba a ɗauke shi a bakin komai ba, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Robarsa na mutuwa, ruwa ya fara amai.

In aka yi sakaci, gasket ne zai ƙone. Alamunsa ba sa ɓuya: farin hayaƙi a salansa, kumfa a bakin lagireto, baƙin mai ya koma fari-fari. Kan injin 504 na alminiyom ne, zafi na lanƙwasa shi, don haka sai an kai shi an goge ya daidaita kafin a sa sabon gasket. Direban da allurar zafi ta hau masa ja ya tsaya, ya kashe inji, kada ya buɗe murfi ko ya kwara ruwan sanyi sai ƙarfen ya huce.