Gejin mai kaɗai bai isa ba: darasi daga hatsarin jirgin John Denver

Ranar 12 ga Oktoban 1997, wani ƙaramin jirgin sama samfurin Long-EZ ya faɗa cikin teku a gaɓar Monterey da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Mutum ɗaya ne a ciki, shahararren mawaƙin nan John Denver mai shekara 53, wanda shi ne ke tuƙi, kuma bai tsira ba.

Binciken hukumar NTSB, mai bin diddigin haɗurran sufuri a Amurka, ya gano cewa matsalar ta faro ne tun daga ƙasa. Jirgin yana da tankin mai biyu, amma wanda ya harhaɗa shi ya ɗora makunnin sauya tanki a bayan kafaɗar hagun matuƙi, maimakon tsakanin ƙafafunsa kamar yadda ainihin zanen ya tanada. Gejin man ma yana baya, sai da madubi ake iya hango shi. Kafin tashi an yi wa Denver tayin ƙara mai, ya ce tafiyar kusan awa ɗaya ce kawai. Da injin ya fara ɗaukewa, sai ya juya jikinsa don ya kai hannu ga makunnin. Masu binciken sun ce a nan ne mai yiwuwa ƙafarsa ta danne fedar da ke karkatar da jirgin, ragama ta kuɓuce masa.

Masana harkar jirage sun raba irin wannan matsala gida biyu: ko dai mai ya ƙare ƙarƙaf, ko kuma yana nan amma bai isa ga injin ba, saboda an zaɓi tankin da ya bushe ko wani bututu ya toshe. Shi ya sa ake koya wa matuƙan ƙananan jirage kada su dogara da geji kaɗai. Matuƙi yakan buɗe murfin tanki ya tsoma sandar awo, sannan ya lissafa awannin da man zai kai shi. Yakan kuma tsiyayi kaɗan daga ƙasan tanki cikin kofi mai haske. Man da galibin waɗannan jirage ke sha, 100LL, shuɗi ne, ruwa kuwa ya fi shi nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasan kofin inda ido zai gan shi.

Dokar Amurka ta wajabta wa mai tuƙi da ganin ido ya tashi da rarar mai na minti 30 da rana, minti 45 da dare.

Ga hadimin da ke shirya wa maigidansa tafiya a jirgin haya, wannan dubawa ta 'yan mintoci ba ɓata lokaci ba ce. Idan matuƙi ya ce sai ya ƙara mai, a bar shi ya ƙara, domin a sama babu gefen titin da za a tsaya.