Fiza A Birnin Niyok: Abincin Baƙi Ya Zama Na Gari

A birnin Niyok na ƙasar Amurka, da wuya mutum ya yi tafiya kaɗan bai ga kantin fiza ba. Wataƙila waɗansu masu karatunmu ba su taɓa ɗanɗana ta ba. To, fiza wata irin gurasar alkama ce. A kan shimfiɗa kwaɓin fulawa, a shafa masa niƙaƙƙen tumatir, a barbaɗa cuku, sa'an nan a gasa a tanderu. Shi ke nan. Amma a Niyok iri iri ce, kowace iri kuwa da labarin waɗanda suka kawo ta.

Asalinta birnin Napoli ne, a Italiya. A can abincin talakawa ce, masu hali ba su kula da ita ba. Tsakanin 1880 da 1920 Italiyawa wajen miliyan 4 suka ƙaura zuwa Amurka, yawancinsu daga kudancin ƙasar. Talauci ne ya koro su. Da suka iso aka raina su, aka raina abincinsu. Ba su zo da dukiya ba, sai sana'ar hannu da begen abincin gida.

Bari mu fara zagaya da iri na fari. A Napoli da itace a ke gashi, amma a Niyok kwal ya fi sauƙin samu. Sai baƙin nan suka yi gashi da tanderun kwal irin na masu burodi. Wutar kwal tana da ƙarfi ƙwarai, fizar ta kan fito da ɗan ƙauri a ƙasa. Kantin Lombardi's, wanda a ke lissafin farkonsa daga 1905, da John's na 1929, da Patsy's na 1933, duk da wannan iri suka yi suna.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tanderun gas ya yaɗu, shi ya haifi iri na biyu. A kan gasa babbar fiza mai faɗin inci 18, a yanka ta kashi 8. In mai saye ya zo, sai a ɗumama masa yanka guda. Ya kan naɗe shi biyu, yana tafe yana ci. Ma'aikaci ba sai ya sayi fiza sukutum ba. A farkon shekarun 1960 yanka guda santi 15 ne, daidai da kuɗin shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Mutanen tsibirin Sisili kuma da tasu. Mai kauri ce, mai kusurwa huɗu, cikinta da laushi kamar burodi, a faranti a ke gasa ta. Tana da ƙanwa da a ke kira fizar kaka. Wannan ba ta da kauri, daga yankin Long Island ta fito, inda tsofaffin mata su ke yi wa jikokinsu a farantin gida da man zaitun da tafarnuwa, ba su jiran kwaɓi ya daɗe yana tashi.

Har na waɗansu birane sun sami shiga. Ta Shikago, wadda aka fara a 1943, tana da zurfi kamar kwano, sai da wuƙa da cokali mai yatsu. Ta Ditiroit kuwa a 1946 aka fara ta, an ce a farantan ƙarfe na ma'aikatun mota. Ta Napoli ta asali ma tana nan, ƙarama ce mai laushi, ba ta wuce minti ɗaya da rabi a wutar itace. A 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu yin ta cikin al'adun gado na duniya.

Mu lura da abu guda. Ba wanda ya jira sai ya sami kayan da ya saba da su a gida. Mai kwal ya yi da kwal, kaka ta yi da farantinta, kowa ya ciyar da iyalinsa. Hausawa sun ce, raina kama ka ga gayya. Uwargida, kada ki ji kunyar abincin garinku in zama ya kai ki wani wuri. Ku kuma 'yan gari, in baƙo ya miƙo muku akushinsa, ku ɗanɗana tukuna kafin ku yatsine fuska.