Janareta Ya Fara Shiru, Batir Ya Karɓi Ɓarnar

Duk mai cewa ƙauye wurin shiru ne, ya daɗe rabonsa da kwana a ƙauye. A Ɗankaza, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Wudil, da sauran garuruwan da ke kewaye da ita, injin niƙa ne ke buɗe gari. Kafin rana ta take, janaretan mai cajin waya ya karɓa. A fadama injin ban-ruwa na ta ruri, da dare gidan kallon ƙwallo ya ɗauka. Idan kaka ta yi, bukukuwa suka kankama, lasifikar makaɗan zamani sai inda ƙarfinta ya ƙare. Ranar Juma'a kuwa, wanda ya leƙa kasuwar Wudil zai tarar da masu tallar magani kowa da amsa-kuwwarsa, ga manyan motocin shanu a kan titin Kano zuwa Maiduguri suna danna oda kamar da gayya.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hirar mutum biyu ba ta wuce desibel 60 ba. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a kan 85 na tsawon awa takwas a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci gida biyu. Ke nan a kan 88 awa huɗu ne, a kan 91 awa biyu, idan aka kai 100 kuwa minti 15 kacal kunne zai jure ba tare da ya cutu ba. Injin niƙa, ga wanda ke tsaye a kansa, yakan haura 90.

To, a dubi wanda ke tsaye a kan nasa. Saurayi ne, gari ya rufe masa gira da gashin ido, hannu ɗaya na tura dawa cikin mazurari, ɗayan na tare bakin buhu. Tun hantsi yake nan, sai magariba zai tashi. A gefensa yara mata sun yi layi da robobinsu, wata da ƙaninta goye a baya, kan jaririn bai fi taku biyu daga injin ba. Idan za a yi cinikin kuɗin niƙa, sai an kai baki kunne an ɗaga murya. Da dare idan ya kwanta, kunnensa na ta ƙugi. Ka tambaye shi, ya ce ai ya saba.

Wannan sabon da yake faɗa shi ne farkon kurumta. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu siffar gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne ke mai da motsin iska saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai tsanani tana kwantar da su kamar yadda garke ke kwantar da shukar gero: in sau ɗaya ne ta miƙe, in kullum ne ta mutu. Bambancin kawai shi ne gona ana sake shuka ta, su kuwa waɗannan ƙwayoyi ba sa sake fitowa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce mutum miliyan 430 ne ke fama da raunin ji mai tsanani, kuma hukumar ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗari saboda yadda suke ƙure sauti. Ban da kunne, hayaniyar dare tana hana barci mai nauyi, kuma bincike ya danganta ta da hawan jini da ciwon zuciya.

Tun 2009 hukumar NESREA, mai sa ido kan dokokin muhalli, take da ƙa'idojin taƙaita hayaniya. Amma abin da ya rage rurin janareta a karkarar Kano ba doka ba ne, tsadar mai ce. Daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, farashin lita ya ninka ya sake ninkawa, masu cajin waya da masu shago da masallatai da dama suka koma sola. Faranti a kan rufi, batir a lungu, babu hayaƙi, babu ƙara. Maƙwabta suka samu barci, kowa ya ce alhamdu lillahi.

Sai dai batir ba ya dawwama. Irin mai ruwa da aka fi saye saboda sauƙin kuɗi, a zafin arewa da yawan zuƙe shi har ƙasa, shekara biyu zuwa uku ya gama yayi. Fiye da rabin nauyinsa dalma ce, jiƙe cikin ruwan asid. Ranar da ya mutu, ɗan gwangwan na nan tafe da kurarsa da sikelinsa. Da yake kilo ake saye, kuma ba a son nauyin ruwa, abu na farko shi ne a tuntsurar da asid ɗin a ƙasa, sau da yawa a bayan gida, inda kaji ke tono, yara ke wasan ƙasa. Wasu su sa gatari su fasa kwankon, su zare farantan dalmar, su narka a kan gawayi, ko don sayarwa ko don zuba ƙullutun da masunta ke ɗaura wa bakin koma. Ƙurar da ta tashi ba ta da wari. Tana manne wa riga da tafin hannu, ta bi mutum har tabarmar da iyalinsa ke cin tuwo.

Arewa ta riga ta ga aikin dalma da idonta. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara aƙalla 400 suka rasu bayan an riƙa dakan duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Can gubar ta zo da yawa ne a lokaci guda, shi ya sa duniya ta ji. Ta batir kaɗan-kaɗan take shiga. Sau da yawa ba ta kayar da yaro, sai dai ta rage masa kaifin basira, ta sa shi ƙarancin jini da rashin natsuwa, a yi ta dukansa a makarantar allo ana cewa daƙiƙi ne. Likitoci sun tabbatar babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, kuma rahoton UNICEF na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya na ɗauke da ita fiye da kima.

Batir shi ne babba, amma yana da ƙanne da yawa: tocila 'yar wata uku, ƙaramar rediyo mai caji, matacciyar waya, caja, ƙwan fitila mai zaiba a ciki, da ita kanta lasifikar da ta hana gari barci bara. Yaran jari-bola sukan tara wayoyin lantarki su cinna musu wuta da tsohuwar taya don robar ta ƙone jan ƙarfen ya fito, suna tsaye a cikin baƙin hayaƙin suna juyawa da sanda. Tokar da ta rage, ruwan damina ya kwashe ta ya gangara da ita. A ƙasar Wudil kuwa kowa ya san inda gangare ke ƙarewa: kogin da ake kamun kifi, ake ban-ruwan tumatir da albasa, wanda ke wucewa Haɗeja har dausayin Nguru.

A 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki, kashi 22 cikin ɗari kawai aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Wani binciken Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya a tashoshin ruwan Legas ya gano ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara a 2015 da 2016, kusan kashi ɗaya cikin huɗu matattu ne tun daga jirgi. Tsohon labari ne. Tun 1988 aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke Jihar Delta ta yanzu, abin da ya sa Najeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta farko a wannan shekara, kuma ya taimaka wajen ƙulla yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe a 1989. Ƙa'idojin kayan lantarki na 2011 sun ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da kaya nauyin karɓar matattunsu. A takarda abin ya yi kyau. Mutumin Ɗankaza da batirinsa ya mutu dai, ɗan gwangwan kaɗai ya sani.

Ba kuma adalci ba ne a ɗora wa ɗan gwangwan laifin. Shi da masu gyaran waya na Farm Centre da titin Beirut a Kano su ne ke hana tulin nan ninkawa, kuma dubban gidaje ke ci daga sana'ar. Matsalar tana wurin gatari da wuta, da kuma yaran da ake sa wa aikin.

Gyaran bai fi ƙarfin mazaɓa ba. Wudil na da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a cikin gida. Ɗalibanta za su iya auna ƙarar injinan niƙa da dalmar da ke cikin ƙasar wuraren gwangwan, su miƙa wa ƙaramar hukuma sakamakon. Dagaci da masu unguwanni da limamai na da ikon tsayar da lokacin kashe lasifika, ko ta biki ce, ko ta siyasa, ko ta wa'azin dare. 'Yan duba-gari su matsar da injin niƙa daga jikin ɗakunan kwana, mai injin ya toshe kunnensa, a daina aika mai goyo niƙa. Magidancin da batirin solarsa ya mutu kuwa, kada ya zubar da ruwan, kada ya bari a fasa shi a ƙofar gidansa. Ya mayar wa dilan da ya sayar masa a rufe yadda yake, ya nemi ragi a kan sabo.